Hutu a Tsibiri, Tukunya a Hannu: Daga Minna Zuwa Zanzibar



Duk wanda ya taɓa raka maniyyaci filin jirgi ya san jakar da ake kaffa-kaffa da ita, wadda aka cusa wa garin kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji da ɗan garin kunu. Bahaushe ya daɗe yana tafiya da madafarsa. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, waɗanda ayarinsu ke ƙetare kogin Neja ta wajajen Yawuri da Busa, da tukwanensu suke tafiya. In sun isa zango, fatoma ya ba su ɗaki ya haɗa su da masu saye, amma murhu nasu ne. Alhazan da suka sauke farali kafin a fara raba dafaffen abinci a Makka su ma za su ba da labarin yadda ake haɗa kuɗi a sayi risho, a tuƙa tuwo a gidan haya.

To yau wannan tsohuwar ɗabi'a ta haɗu da wata sana'a da ta bunƙasa a tsibiran tekun Indiya: masaukin hutu da ake ba baƙo mabuɗi, a nuna masa kicin, a bar shi ya ci da kansa. Babu mai kawo karin kumallo, babu ɗakin cin abinci. Ɗaki biyu ko uku ne da falo, da firji, da tukunyar gas, da tukwane da cokula. Mutanen Minna ba baƙin tsarin ba ne, domin irin gidajen nan na hayar kwana-kwana, da ake sauke dangin ango ko na amarya lokacin biki, sun yawaita a Abuja, kuma a nan ma ana samun su. Bambancin kawai, can ƙofar gidan na kallon teku.

Tsibirin da ya fi shiga bakin 'yan Najeriya shi ne Zanzibar, a ƙasar Tanzaniya. Mai tashi daga Tunga ko Bosso sai ya fara kama hanyar Suleja zuwa Abuja, ya hau jirgi ya yada zango a Addis Ababa, sannan ya sauka a Unguja, babban tsibirin. Wanda ya bi ta Dar es Salaam kuwa, jirgin ruwa mai sauri zai ƙetarar da shi cikin kimanin awa biyu. Sai dai tun kafin a ɗaure kaya akwai takardu. Mai fasfon Najeriya sai ya nemi biza tun daga gida ya jira amincewa, kuma daga watan Oktoban 2024 hukumomin Zanzibar sun wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya ta dala 44 daga kamfanin inshorar gwamnatinsu, ko da mutum yana da wata.

Ga kuma abin da kan ba uwargida mamaki tun a wajen haɗa guzuri: Tanzaniya ta haramta leda tun ranar 1 ga Yunin 2019, Zanzibar ma ta riga ta yin haka. Kukar da aka saba ƙullewa a baƙar leda sai dai a juye ta a roba mai murfi. Kilishi da dambun nama kuma, ƙasashe da yawa na da doka a kan shigo da nama, don haka mai hikima kan bincika kafin jami'in kwastan ya raba shi da abin da aka kwana ana soyawa.

Me zai sa magidanci ya biya kuɗin jirgi mai tsada, sannan ya je ya zauna jiran tukunya? Amsar farko lissafi ne. Otal da ɗaki yake caji, kuma iyali mai mutum shida ɗaki uku za su kama, a ci abinci sau uku a rana a farashin 'yan yawon buɗe ido. Gida guda kuwa kuɗinsa guda ne, cefane kuma a farashin 'yan gari, in an iya ciniki. Amma ga yawancin iyalanmu akwai abin da ya fi kuɗin nauyi, wato sirri. A babban otal na bakin teku, mace mai lulluɓi za ta ratsa mashaya kafin ta kai wurin cin abinci, yara kuma idonsu na kan abin da iyaye ba su shirya yin bayaninsa ba. A gidan da ke da katanga da tsakar gida, hajiya ta ajiye mayafinta, a shimfiɗa tabarma a yi jam'i, yaro ya yi kukansa ba mai harara. Zanzibar dai mafi yawan mutanenta Musulmi ne, kiran salla na tashi daga ko'ina, nama kuma ba a fargabar yankansa. Abu ɗaya da baƙo daga Minna zai gyara shi ne alƙibla. Ya saba fuskantar gabas, amma Zanzibar na kudu da Makka kusan kai tsaye, saboda haka arewa ake kallo.

Daɗin irin wannan masauki a kasuwa yake farawa. A gefen tsohon garin Zanzibar, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, akwai kasuwar Darajani. Da safe ɓangaren kifi ya fi ko'ina hayaniya. Ana jawo manyan kifayen teku a shimfiɗa su a kan dakalin siminti, ƙasa jiƙe sharkaf, dillali na ɗaga murya masu saye na ƙara farashi, mai wuƙa na gefe yana jiran ya yanka wa wanda ya yi nasara gunduwa-gunduwa. Kusa da su ga tulin wata halittar teku mai hannuwa takwas da suke kira pweza, wadda mutanen tsibirin ke dafawa da madarar kwakwa. Malamanmu na Malikiyya sun halatta abin da ke cikin teku, amma ba kowace uwargida daga Kpakungu za ta yarda wannan ya shiga tukunyarta ba, kuma ba wanda zai ga laifinta.

In an matsa ciki, ƙamshi ya sauya. Kanumfari ne, wanda ya yi wa Zanzibar da Pemba suna a duniya tun ƙarni na 19, ga kirfa, ga citta, ga barkono. Wanda ya saba sayen kanumfari ɗan ƙulli a kasuwar Kure zai gan shi a nan buhu-buhu. Akwai kuɓewa ɗanya, rogo, dankali, ayaba iri-iri, da garin masarar da suke tuƙa ugali, wanda ba shi da maraba da tuwon masara sai dai ya fi tauri. Bishiyar kuka ma tana nan a tsibirin, har suna yin wata jar alewa da 'ya'yanta mai suna ubuyu, amma ba a san su da miyar ganyenta ba. Daddawa kuwa sai wadda aka zo da ita. Da robar kuka guda da ta daddawa guda, iyali sun gama da kewar gida na mako ɗaya.

Sai dai ba kowane masauki ke kusa da Darajani ba. Yawancin gidajen da hotunansu ke jan hankali a intanet suna Nungwi a arewa, ko Paje da Jambiani a gabas, tafiyar awa ɗaya ko fiye a mota. A ƙauyukan gabas shaguna ƙanana ne, kifi sai lokacin da masunta suka dawo. Teku ma a can yana da nasa lokaci: in ya janye sai ya bar fili mai nisa, inda mata ke shiga su kula da gonakin ciyawar teku da suke ɗaurawa a igiya tsakanin turaku. Baƙon da ya biya kuɗi don ya yi iyo da hantsi yana iya tarar da ruwan ya yi masa nisa.

A nan ne araha ba ta ado. Hoto ba ya nuna ko ruwan famfo na da gishiri, kuma a gabar gabas rijiyoyi da yawa haka suke, sai an sayi na sha da na girki. Hoto ba ya faɗin wanda zai cika gas in ya ƙare ana tsakiyar tuƙin tuwo, ko wanda zai sa kati a mita. Wutar Unguja ta cikin teku ake jawo ta daga babban yankin Tanzaniya, kuma lokacin da layin ya lalace a Disambar 2009, tsibirin ya shafe kusan wata uku cikin duhu. An ja sabon layi daga baya, amma tambayar ko akwai janareta ko sola tana nan da amfaninta, kuma mutumin Minna, da ke zaune a jihar da ke da Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru amma yake kwana da fitilar caji, ba ya bukatar a koya masa ita. Wanda zai yi hayar mota ya tuna cewa a hannun hagu ake tuƙi, tsarin da Najeriya ta bari tun 1972. Damina mai ƙarfi kuma daga Maris zuwa Mayu take, lokacin da farashi ke sauka saboda dalili.

Akwai kuma maganar da masu tallar gidajen ba sa yi. In uwargida ce za ta yi cefane, ta yi girki, ta wanke kwanuka, to maigida da yara ne suka je hutu, ita kicin kawai aka sauya mata. Wasu masaukan kan haɗa baƙo da mai girki 'yar gari a biya ta daban, wasu iyalan kuma kan dafa na safe da na rana, da dare a fita lambun Forodhani a bakin teku inda ake gasa kifi da nama. Maigidan da bai sa wannan a lissafinsa ba, bai gama lissafi ba.

Can gabas da Zanzibar akwai Seychelles, ƙasa mai tsibirai 115 da mutanen da ba su wuce na wata ƙaramar hukumarmu ba. Turawan Ingila sun taɓa mai da ita wurin ajiye sarakunan da suka tuɓe, har Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya ya zauna can daga 1900 zuwa 1924. A tsibiran Praslin da La Digue, masaukin dafa-da-kanka ya zama sana'ar iyalai: a gina ɗakuna kaɗan a bayan gida, baƙo ya hau keke ya je cefane. Ga Musulmi kicin a nan ya fi zama dole, domin yawancin jama'ar Kiristoci ne, naman alade na cikin abincinsu, har jemage suna dafawa da kori. Kayan abinci da yawa daga waje ake shigo da su, don haka cefanen ma ba sauƙi. Ga kuma cikas na musamman: a shekarar 2023 gwamnatin ƙasar ta taƙaita shigar masu fasfon Najeriya da ke zuwa hutu, tana kafa hujja da safarar ƙwayoyi da damfara. Duk mai sha'awa sai ya tabbatar da matsayin dokar kafin ya biya ko sisi.

Wani zai iya tambaya, shin sai an ƙetare Afirka kafin a kwana kusa da ruwa? Jihar Neja na da nata. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta haifar da tafki mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,200. Ruwan ya haɗiye tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ya haɗiye mafi yawan babban tsibirin Foge, aka tashi mutane sama da 40,000, cikinsu har da Gungawa da suka daɗe suna noman albasa da kamun kifi a tsibiran kogin. A Jebba ma akwai tsibiri a tsakiyar Neja, wanda gadar jirgin ƙasa ta ratsa ta kansa. Kifi kuwa ba a magana: giwan ruwa, tarwaɗa, ƙarfasa, ɗanye da banda. A gandun dajin Kainji an gina ɗakunan baƙi a sansanin kogin Oli tun shekaru da dama.

Abin da ya hana iyalin Minna su kama hanyar Bida da Mokwa su je su yi mako a bakin tafkin sananne ne. 'Yan bindiga sun samu maɓoya a gandun dajin a 'yan shekarun nan. Shi kuma ruwan yana cin mutane. A watan Mayun 2021 wani jirgin ruwa da ya taso daga yankin Borgu zuwa Wara a jihar Kebbi ya nutse da gomman fasinjoji, haka a Oktoban 2024 wani ɗauke da masu bikin Maulidi ya kife da dare kusa da Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa. Dalilan kusan iri ɗaya ne kullum: lodin da ya wuce kima, tsofaffin jiragen katako, kututturan itatuwan da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa tun lokacin da aka cika tafkin, tafiyar dare, da rashin rigar kariya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta sa rigar, gwamnatoci na raba ta lokaci-lokaci, amma a mashigai da yawa har yanzu fasinja kan hau ba tare da ita ba. Gina ɗaki uku da kicin a bakin tafkin Kainji aikin 'yan watanni ne ga duk mai jari. Wanda zai kai matarsa da 'ya'yansa can, jirgin da za su hau da hanyar da za su bi zai fara tambaya.