Daga Hatimi Zuwa Sudoku: Wasa Ƙwaƙwalwa a Kullum

Duk wanda ya tashi a birnin Zazzau, daura da Dutsen Kufena, ya san hatimin malamai: gida tara a kan allo, lambobi 1 zuwa 9, kowane layi jimlarsa 15. Tun a 1732 Malam Muhammadu al-Katsinawi ya wallafa littafi da Larabci kan ƙa'idojin tsara irin waɗannan gidaje.

Sudoku, wanda ya ɓulla a Amurka a 1979 kafin Japanawa su raɗa masa suna, ɗan'uwan hatimi ne. Gida 81 gare shi, kuma lamba ba ta maimaituwa a layin tsaye, ko na kwance, ko cikin ɗaki mai gida tara. Ba lissafi yake buƙata ba, sai lura da haƙuri.

Abin da ke ƙaranci ga ɗalibanmu ke nan. Nakan ga ɗalibi ya kasa jure minti goma kan tambaya guda, hannunsa na laluben waya. Sudoku ba maganin mantuwa ba ne, amma yana horar da mutum ya ajiye kowace lamba bisa hujja, ya daina canki-canka. Mai karatu, ware masa minti 15 bayan Asuba. Wuƙar da ba a wasawa, tsatsa ke cin ta.