AMANAWA: YADDA AKA SHARE FAGEN BUƊE ASIBITIN MISHAN A LARDIN SAKKWATO

Duk matafiyin da ya taso daga Anka ya bi ta Talata Mafara za shi Sakkwato, kafin ya shiga birni zai wuce wani asibiti a Amanawa, cikin Ƙaramar Hukumar Dange-Shuni. Matasa da yawa sun fara jin sunansa ne a 2020, sa'ad da aka riƙa killace masu cutar korona a can. Amma dattawa sun san shi tun yana asibitin masu kuturta a hannun Turawan Mishan, zamanin da Anka da Gummi da Bukkuyum, har da ƙauyuka irin su Sunke, duk ke cikin Lardin Sakkwato.

Abin tambaya shi ne, yaya aka yi masu wa'azin Kirista suka sami wurin zama a kusa da hedkwatar Daular Usmaniyya? Amsar tana cikin shirin da aka yi tun kafin a aza tubali.

ƘOFA A RUFE

Ƙungiyar Mishan ta S.I.M. ta samo asali ne a 1893, lokacin da samari uku, watau Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar shiga ƙasar Hausa. Biyu na farkon sun mutu a 1894, kuma sai a 1902 ƙungiyar ta iya kafa zango a Patigi, ƙasar Nupe. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi alkawari cewa gwamnati ba za ta sa baki cikin addinin jama'a ba. Saboda haka aka yi shekaru fiye da 30 ana taka wa 'yan Mishan birki a manyan masarautun Musulmi.

Abin da ya buɗe ƙofar shi ne cutar kuturta. Ta yi yawa a ƙasa, ga ƙarancin likitoci, ga kuma En'e-En'e ba su da ma'aikatan da za su dawwama kan wannan jinya mai cin shekaru. Daga 1937 aka shiga shirin da ya danƙa wa S.I.M. kula da asibitocin kuturta na larduna: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Wanda ya yi ruwa ya yi tsaki a wajen Mishan shi ne Albert Helser, Ba'amurken da ya riga ya yi aiki a Garkiɗa. A lokacin Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ne bisa gado, Abdullahi Bayero na sarautar Kano, Muhammadu Dikko kuma na Katsina.

ABIN DA SHIRIN YA ƘUNSA

Da farko akwai batun fili. Irin wannan asibiti gari ne sukutum, domin majiyyaci yakan shekara da shekaru a ciki, saboda haka dole a sami gonaki da rijiyoyi da wurin gina ɗakuna, kuma ƙasa a hannun Sarki da hakimansa take. Na biyu kuɗi: baitulmalin En'e ya ɗauki wani kaso, ƙungiyoyin taimakon masu kuturta na Ingila da Amurka suka ba da nasu, Mishan kuwa ta kawo likitoci da masu jinya, waɗanda sai da suka koyi Hausa. Na uku magani. A wancan zamani babu abin dogaro sai allurar wani mai da ake tatsa daga 'ya'yan wata itaciya ta Indiya, mai zafi ƙwarai, ga jinkirin aiki.

To, amma abin da ya fi duka nauyi shi ne addini. Sarakuna suna son magani ga talakawansu, ba sa son a mai da ciwo tarko. 'Yan Mishan kuwa ba su ɓoye cewa bishara ce ta fito da su daga gida ba. Wurin da aka fi samun saɓani shi ne kan yara, domin akan raba jarirai da iyayensu masu ciwo don gudun kamuwa, a rene su a hannun Mishan, wasunsu kuma suka tashi Kiristoci. Wannan ya jawo ƙorafi wanda bai kwanta da wuri ba.

BAYAN AN BUƊE

Duk da haka, aikin ya haifi wasu. S.I.M. ta buɗe Asibitin Ido na Kano a 1943, sa'an nan asibitin Galmi a ƙasar Nijar a 1950. Da ƙwayar dafson ta bazu a shekarun 1950, sai aka koma ba da magani a ƙananan ɗakunan shan magani na karkara, majiyyaci yana gidansa. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓi asibitocin kuturtan, kuma a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, wanda ke warkar da cutar sarai.

Mutanen yammacin Zamfara sun sake ganin baƙin likitoci a 2010, lokacin da gubar dalma daga aikin zinariya ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ciki har da Sunke. Ƙungiyar likitocin M.S.F., wadda ba ta addini ba ce, ta buɗe wuraren jinya a asibitocin gwamnati na Anka da Bukkuyum, kuma sai da haɗin kan sarakuna da dagatai iyaye suka riƙa kai 'ya'yansu.

Darasin bai sake ba tun 1937. Wanda ke shirin buɗe asibiti a ƙasar da ba tasa ba, ya fara neman yardar masu ƙasa, ya faɗi manufarsa a fili, a kuma daidaita kan hakkin majiyyaci da na 'ya'yansa kafin a ɗora rufi. Da ɗan gari akan ci gari.