Sankarar Merkel da Maganinta ga Tsofaffi

Daga cikin ire-iren sankarar fata akwai wata wadda ba safai ake ganinta ba, amma idan ta kama sai ta bazu da sauri. Likitoci suna kiranta sankarar Merkel, da sunan Friedrich Merkel, Bajamushen masanin da ya fara bayyana waɗansu ƙwayoyin halitta na cikin fata a 1875, waɗanda ke taimakon mutum ya ji taɓi. Ita kuwa cutar sai a 1972 wani likita mai suna Cyril Toker ya fayyace ta.

Takan fara ne da ɗan ƙullutu mai tauri, ja ko shunayya, galibi a fuska ko wuya ko hannu, watau inda rana ke duka. Ba ya ciwo, shi ya sa ake raina shi, kafin a farga ya kai ga kaluluwa ko hanta ko ƙashi. Mafi yawan masu ita sun haura shekara 70, farar fata ne, kuma ta fi kama wanda garkuwar jikinsa ta raunana. A 2008 masu bincike a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka suka gano wata ƙwayar bairos da ke cikin wajen kashi 80 bisa 100 na irin wannan ƙari a can. A Ostireliya kuwa hasken rana ne ya fi haddasa ta.

Muddin ba ta yi nisa ba, tiyata ake yi a cire ta, sa'an nan a gasa wurin da haske, domin sankara ce mai jin gashi ƙwarai. Wahalar tana ga wadda ta riga ta watsu. A da ba abin da ake da shi sai magunguna masu dafi irin su etoposide, waɗanda kan sa ƙarin ya ja da baya, amma cikin 'yan watanni sai ya dawo, alhali sun rage wa tsoho jini da ƙarfi. Dattijo mai shekara 80 da ke fama da ciwon zuciya ko na ƙoda sau da yawa ba ya iya jure su.

Al'amarin ya sake a 2017, sa'ad da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da avelumab, sai pembrolizumab a 2018, sai retifanlimab a 2023. Waɗannan ba kashe ƙwayoyin sankarar suke yi da kansu ba. Sankara tana da dabarar ɗaure wa sojojin jini hannu, maganin kuwa kwance su yake yi. Kimanin rabin waɗanda aka fara musu da shi sukan ga ƙarin ya ragu, da dama kuma sauƙin yakan ɗore shekaru, kuma tsufa kaɗai bai hana shi aiki ba.

Amma fa garkuwar da aka saki takan juya kan mai ita, ta kumbura hanji ko huhu ko hanta. Saboda haka gudawa ko tari da haki ga tsohon da ke kan wannan magani ba abin jinkiri ba ne. Mafi tsananin shawara tana ga wanda aka yi wa dashen ƙoda: shi ne cutar ta fi barazana gare shi, ga shi kuma maganin na iya sa jikinsa ya ƙi ƙodar, ya koma wankin ƙoda.