Tsohuwar Akori-Kurata da Yadda Nake Lallaɓa Ta Kada Ta Cinye Ribar Kiwo



Wata safiya cikin watan Afrilu na ɗauko 'ya'yan tarwaɗa dubu biyu daga wajen wani mai ƙyanƙyasa a hanyar Zariya, zan kai su gonata a bayan Kano. Na yi duk abin da ake faɗa: an hana su abinci tun jiya, mun zuba su a jarkoki masu yankakken baki, na yi sammako don in riga rana. Ban yi rabin hanya ba sai na ga tururi na fitowa ta ƙarƙashin bonet. Tiyon lagireto ne ya fashe. Kafin in samu mai babur ya kai ni inda ake sayar da tiyo, in dawo, a ɗaura, a jira inji ya huce, ƙarfe ɗaya ta wuce. Ruwan jarkoki ya yi zafi, iska ta ƙare musu. Da muka juye su a gona fiye da rabi sun juya ciki sama. Abin haushin, wata guda kafin nan bakanikena ya matsa tiyon nan da hannu ya ce, "Alhaji, wannan ya yi laushi, a canza shi." Na ce a bari sai na sayar da ƙwai. Kuɗin tiyon bai kai na buhun abinci ɗaya ba.

Motar Peugeot 504 ce, akori-kura, irin wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna. Ta girmi babban ɗana nesa ba kusa ba. Na saye ta ne saboda dalili biyu: kusan kowane bakanike a Arewa ya san cikinta, kuma kayanta ba sa wuyar samu a Ƙofar Ruwa ko Fanteka ta Kaduna. Babu kwamfuta a jikinta, kafireta ce da fulogi huɗu. In ta tsaya a ƙauye, da sifana da sukundireba ana iya tayar da ita.

Amma kafin wani ya ruga kasuwa, bari in faɗi gaskiya. In kajinka ɗari biyu ne ko uku, kada ka sayi mota. Ɗauki hayar kurkura ta kawo maka abinci, ya fi maka sauƙi, balle tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ni sai da na kai ina ɗauko abinci duk mako, ina kai ƙwai shaguna sau uku, ina kuma sayar da kashin kaji ga masu lambu, sannan lissafin ya fita.

Tun daga asarar nan, abu na farko da nake dubawa kullum shi ne ruwa. Da safe, inji na sanyi, na buɗe lagireto in leƙa, in matsa tiyo na sama da na ƙasa, in danna fanbel in ji ko ya saki. Kan injin 504 na alminiyom ne, ba ya son zafi ko kaɗan. In ya tafasa sau ɗaya biyu sai ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Alamarsa, ka zaro ma'aunin mai ka ga ya koma kamar shayi da madara. Daga nan kuma maganar ta tashi daga kuɗin buhu ɗaya ta koma ta buhu goma. Na kuma daina ɗura mata ruwan rijiyar gona, domin yana barin wani farin dasashi da ke toshe ƙananan hanyoyin lagireto. Sau ɗaya a shekara, kafin bazara, nake sa a cire lagireton a wanke shi. Kuma don Allah, in mota ta tafasa kada ka buɗe murfin nan da zafinsa. Na san wanda har yau tabon na hannunsa.

Baƙin mai ba na wasa da shi. Agogon kilomita ya mutu tun kafin in saye ta, don haka da wata nake lissafi: duk wata uku juye, tare da sabuwar filta. Ina sayen na galan mai hatimi, 20W-50, kuma a gabana ake zubawa. Na kwalba da ake aunawa a bakin titi ya fi araha, amma ba ka san me ke ciki ba. Lokacin hunturu kuwa filtar iska nake cirewa duk mako in kakkaɓe, saboda ƙurar hanya da garin abincin kaji suna toshe ta, sai mota ta fara shan fetur kamar an huda tanki, salansa na baƙin hayaƙi.

Maganar lodi ita ce inda yawancinmu muke kashe mota da hannunmu. Buhun abincin kaji kilo 25 ne. Buhu arba'in tan guda ke nan, kuma wannan wajen iyakar motar ne tun tana sabuwa. Ni yanzu ba na wuce talatin. Da ina jibga hamsin don in rage sawu, har ranar da ganyen sifirin biyu suka karye a wani rami, bodi ya zauna kan taya. Masu kifi ku fi kula, domin ruwa yaudara gare shi: lita ɗaya kilo ɗaya ce, durom mai lita 200 kilo 200 ne ban da kifin da ke ciki. Sannan durom da ba a cika ba, in ka taka birki ruwan gaba yake tafiya ya tura motar, a kwana kuma ya ja ta gefe. Kaya masu nauyi a jingina su da bayan kai, a ɗaure, kada a tara su a wutsiya. In nauyi ya koma baya gaba sai ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako a hannu.

Akwai kuma abin da ba kowa ke lura da shi ba, wato tsatsa. Kashin kaji mai danshi yana cin ƙarfe sosai, haka ruwan kifi, musamman in an sa masa gishiri. Shekarata ta farko sai da bayan motar ya huje wuri uku, har ana hango titi. Mai walda ya yanke ruɓaɓɓen ya sa sabon faranti, muka shafa jan fenti na hana tsatsa, na shimfiɗa katako da tamfol. Yanzu duk ranar da ta ɗauki taki, a ranar ake wanke ta, ba a kwana. Wankin nan riba biyu ne. Motar da ta je kasuwar kaji ko ta shiga gonar wani tana iya kwaso cuta a tayoyi da bodi, irin su murar tsuntsaye da Gumboro, ta kawo maka har gida. Shi ya sa tawa a bakin ƙofa take tsayawa, a fesa wa tayoyi maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma ba ta ɗaukar 'yan tsaki sai an wanke ta ta bushe.

Wajen sayen kaya na raba su gida biyu. Ƙofa, fitila, gilashi, kujera, har giya da sitata, na hannu nake saya, wanda ake kira Beljiyom, kuma ban taɓa nadama ba. Ina tafiya da tsohon a hannu a gwada, sannan mu yi magana da mai shago cewa in bai yi ba zan dawo da shi. Amma duk abin da yake roba ne ko na birki, sabo nake saya: tiyo, fanbel, takalmin birki, robobin birki da man birki. Akwai masu zuba ruwan sabulu a madadin man birki in ya ƙare a hanya. Wallahi wannan wasa da rai ne, yana sa tsatsa a ciki, kuma in ya yi zafi birkin ɓacewa yake. Taya ma in na hannu za ka saya, duba lambobi huɗun da ke gefenta. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Zane na iya zama da kyau alhali robar ta tsufa ta tsattsage.

Bakanike ɗaya na riƙe. Ba na ce ya fi kowa iyawa ba, amma ya san tarihin motar, kuma ina zama a wajen in ana aiki. A nan na koyi goge fulogi, canza fanbel da gyara kan batir in ya yi gari. Ina da ƙaramin littafi a aljihun mota, duk abin da aka canza na rubuta rana da kuɗi. Kuma daga kowane kiret ɗin ƙwai da na sayar akwai ɗan abin da nake warewa a gefe, kuɗin mota ne, ko uwargida ta san ba a taɓa shi.

A bayan kujera yanzu akwai jarkar ruwa, tiyo biyu, fanbel, fulogi, igiya, jak da safaya mai iska. In zan ɗauko 'yan tsaki ko 'ya'yan kifi, tun ana gobe nake kai ta a duba, kuma akwai wani mai kurkura da nake sanar da shi ya zauna da shiri ko da zan kira. A makon jiya kuloci ya fara zamewa in na hau gada da kaya. Bakanike ya ce zai iya kai wata guda, na ce a'a, ranar Asabar za a sauke giya, domin 'yan tsaki ɗari biyar na nan zuwa ranar Talata.