Kafin Ka Sayi Fawa Saflai, Karanta Takardar Jikinsa

'Yan'uwa ɗalibai, da zarar lokacin firojet ya matso, musamman ga masu aiki da AutoCAD ko Revit, sai ka ji ana ta maganar haɗa kwamfutar tebur. Tambayoyin ba sa wuce uku: wace firosesa, ram nawa, wane katin hoto? Fawa saflai kuwa sai a ƙarshe, da canjin da ya rage. A nan nake son mu tsaya. Idan ram ta mutu, ita kaɗai ta mutu. Amma fawa saflai marar kyau in zai tafi, yana iya jan madabod da had dis, da firojet ɗinka a ciki.

Aikinsa shi ne ya karɓi wutar soket, wadda a ƙasar nan bolt 230 ce, ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3. Manyan masu cin wuta, wato firosesa da katin hoto, daga layin bolt 12 suke sha.

Fara da lissafi. Yawancin Core i5 na tebur an rubuta musu wat 65, amma sukan haura haka in aiki ya yi nauyi. Katin GTX 1650 wat 75 ne, RTX 3060 kuma wat 170. Madabod da ram da dis da fankoki, ni nakan ware musu wat 60 zuwa 80. Ka tara, sannan ka ƙara akalla kashi ɗaya cikin uku, don kada ya riƙa aiki a maƙure. Kamfanin Nvidia da kansa wat 550 ya ba da shawara ga RTX 3060. In ba ka da katin hoto, wat 300 zuwa 400 mai kyau ya wadatar.

To, ga inda ake cin kuɗin mutane. Babbar lambar da ke jikin kwali ba ita ce hujja ba. Duba takardar da aka manna a gefen fawa saflai, ka nemi inda aka rubuta +12V, ka ga amfiya nawa ce a ƙarƙashinsa. Ninka bolt da amfiya, shi ne wat. Misali an rubuta 500W, amma layin 12 amfiya 18 ne: wat 216 ke nan kacal. Ka jona masa RTX 3060, sai ka ga kwamfuta tana mutuwa a tsakiyar aiki, kana ta zargin Windows. Mai kyau, layin bolt 12 ɗinsa kaɗai yana kusan kai lambar da ke kwalin. Ka kuma ɗaga shi a hannu; in ka ji shi sakayau kamar gwangwanin madara, ajiye musu. Araha ba ta ado.

Sai tambarin 80 Plus, mai matakai irin su Bronze da Gold. Ma'anarsa akalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga kwamfuta. In tana buƙatar wat 300, zai ja 375, sauran 75 su zama zafi. Wanda ya san ɗakin hostel a watan Afrilu ya san wannan ba wasa ba ne. Sai dai tambarin ba shaidar ƙarko ba ne, kuma ana buga na jabu. Nemi wanda ke da kariya daga hawan wuta da haɗuwar waya, kamar na Seasonic ko Corsair, kuma ka karɓi rasit.

Masu sayen ta hannu, ku saurara. Yawancin kwamfutocin da ake shigowa da su daga Amurka, inda wuta bolt 120 ce, tsofaffin cikinsu na da wani ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230. In yana kan 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji, sai hayaƙi. Mayar da shi 230 tukuna. Na zamani an rubuta musu 100–240V, su ke daidaita kansu, kuma sun fi jure ƙarancin wuta da ta janareta. Haka nan ƙananan Dell OptiPlex da HP da yawa suna da mahaɗin kansu, ba mai fil 24 da aka saba ba, don haka ka tafi kasuwa da tsohon a gwada. Ka tabbatar kuma akwai wayar firosesa mai fil 4 ko 8, da ta katin hoto mai fil 6 ko 8.

Fawa saflai ba ya ajiye wuta, saboda haka UPS dole ne. Amma VA ba wat ba ne: mai 650VA abin da yake ɗauka bai fi wat 360 zuwa 390 ba.

In ƙurar hunturu ta toshe fanka, hura ta daga waje. Kada ka kwance murfinsa, domin kafasitocin ciki na riƙe wuta ko an zare waya. Allah Ya ba mu sa'ar firojet.