Ailan: Yadda rufe mashaya ke barazana ga kiɗan gargajiya

A watan Agusta, dubban ɗaruruwan mutane kan yi dafifi a garin da ya karɓi baƙuncin Fleadh Cheoil, bikin kiɗan gargajiya mafi girma a ƙasar Ailan, wanda ƙungiyar Comhaltas ta soma a garin Mullingar a 1951. Gasa a zauruka ake yin ta, amma idan dare ya yi, makaɗa mashaya suke nufa.

A can masu goge da sarewa da ganga ke zama a kusurwa, babu dandamali, babu kuɗin shiga. Ɗaya ya ɗauko kiɗa, saura su bi, matashi kuma ya koya da kunne a gefen dattijo. Mai mashaya ya sami ciniki, makaɗa su sami mahaɗa.

Sai dai al'adar ta dogara ne ga gine-ginen 'yan kasuwa. Mashaya sama da 2,000 sun rufe a ƙasar tun daga 2005, galibi a karkara. A 2021 wani kamfani ya nemi izinin gina otal a harabar Cobblestone, mashayar da ta yi suna wajen kiɗan gargajiya a Dublin, babban birnin ƙasar. Makaɗa da matasa suka fito zanga-zanga, ɗaruruwa suka shigar da ƙorafi, majalisar birnin ta hana izinin a watan Nuwamba.

Mashayar ƙauye kuwa shiru take rufewa, ba mai yi mata zanga-zanga. Bikin mako guda ne, amma makaɗan da ke cika shi a irin waɗannan wurare suke gogewa duk shekara.