Wa ke ciyar da makaɗa?

Kiɗa sana'a ce kamar noma da ƙira. Makaɗi yana da iyali, ganga kuma tana son sabuwar fata. To, daga ina kuɗin ke fitowa?

A ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi har Tibiri, tun zamanin da kowane makaɗi da masu riƙonsa. Makaɗan fada sarki ke ba su hatsi da riguna, wani lokaci har da doki. Makaɗan noma suna bin gayya, in an yi girbi manoma su ba su dammunan hatsi. Makaɗan kokowa kuwa a fili ƴan kallo ke yi masu kyauta. Shugaban ƙungiya shi ke raba abin da aka samu tsakanin makaɗa da ƴan amshi. In rabo bai yi daidai ba, sai ƙungiya ta watse. In damana ta ƙi, makaɗi ma ya sha wuya.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, ƙungiyoyin kiɗan zamani sun yawaita a biranen Nijar. Dogon Dutsi ma ta yi tata, mai suna Akazama. Kayan kiɗansu, irin su jita da lasifika, daga ƙasashen waje ake sayo su da tsada. Don ƙarfafa makaɗa, gwamnati ta ƙirƙiro gasar Ɗan Gurmu a 1987.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata babbar ƙungiyar kiɗa da ake kira sanfoni. Makaɗanta sukan kai 80 ko 100. Wasu na goge, wasu na busa, wasu na buga ganguna. Madugu yana tsaye gabansu da ƴar sanda, yana bi da su. Kowane makaɗi yana karɓar albashi. Ga kuɗin zauren wasa, ga na gyaran kaya, ga na tafiya.

Ƴan kallo suna sayen tikiti, amma sau da yawa kuɗin tikiti ba su kai rabin abin da ake kashewa. Ga dalili. Manomin da ya samu shanun noma yana gama gonarsa da wuri. Makaɗa ba su da wannan dabara. Kiɗan da aka tsara wa mutum 80 shekaru 150 da suka wuce, yau ma mutum 80 yake so, kuma ba a gaggauta shi. Aikin bai ragu ba, albashi kuwa sai hawa yake.

Shi ya sa sanfoni ma ke neman mai riƙonta. A Jamus da Faransa, gwamnati da hukumomin birane ke biyan kaso mafi girma. A Amurka, attajirai da kamfanoni ke ba da gudummawa. In taimako ya ragu, sai a shiga uku. A 2011, ƙungiyar birnin Filadelfiya, wadda aka kafa tun 1900, ta je kotu don bashi ya fi ƙarfinta. Sai a 2012 ta farfaɗo.

Ko a Tibiri ko a Filadelfiya, kiɗa ba ya ɗorewa sai jama'a ta riƙe makaɗanta. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Tambayoyi

1. Wa ke riƙon makaɗan fada?
2. Don me kuɗin tikiti ba su isar sanfoni?
3. Da me ake sallamar makaɗa a garinku?